Mu Kula Da Idanun Madubin Likita

'Yan'uwana ɗalibai, a cikin kayan ɗakin kimiyya babu wanda ya kai madubin likita daraja, babu kuma wanda ya kai shi shan wuya a hannunmu. Da irinsa ne Laveran ya fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin mutum a 1880, a ƙasar Aljeriya. Har yau da shi ake duba jini a asibitoci.

Ƙarfin madubin nan yana ga 'yan idanunsa na ƙasa, masu lamba 4, 10, 40 da 100. In aka haɗa mai 100 da idon sama mai lamba 10, abu zai ƙara girma sau 1,000. Mai 100 ɗin nan shi kaɗai aka yi domin ya taɓa man da ake ɗigawa a kan gilashi. Da ɗalibi ya juya ba lura, mai 40 ya sha mai, sai gani ya koma dishi-dishi. In man ya daɗe kuwa, sai ya daskare kamar ƙaro.

Daga nan sai gyaran gangar Auzinawa. Wani ya sa bakin riga, wani yatsa, wani har da yawu! Alhali ƙurar hunturu tana ɗauke da rairayi wanda ya fi gilashi tauri. Gogawa da ƙura karcewa ce, idon da ya karce kuwa sai dai a sayi sabo.

Waɗansu na cewa a kulle madubin a huta. Ni ban yarda ba. Da damina, akwati mai duhu da laima shi ne gidan fumfuna, ita kuwa har gilashin take ci. Kuma wanda bai taɓa riƙe madubi ba, yaya zai duba jinin mara lafiya gobe?

Shawarata ita ce kada kowa ya taɓa shi sai ya koyi share shi. A fara hure ƙura da 'yar robar iska. A goge da takardarsa ta musamman, daga tsakiya a kewaya zuwa baki, kafin a tashi daga aji. Kada a cika ruwan wanki, domin yana narkar da dankon da ke riƙe gilasan.

Iyayenmu kuma, in an zo taronku da malamai, ku tuna da kuɗin takardar nan, don ba ta kai ido guda tsada ba. Ƙannenmu na tafe, su ma suna da hakki a kansa. Allah ya sa mu gane.