Bargon Amarya da Kaskon Wuta

Da zarar hunturu ya kama a ƙasar Arewa, daga Dogon Dutse har Tibiri, sai 'yan kasuwa su baza barguna masu laushi da zanen damisa da furanni, ga rigunan sanyi na gwanjo, ga ƙullin zaren da mata ke saƙa wa jarirai hula da safa. A Kore Mairuwa, bakin titin da ya taso daga Dosso, bakin mutane ɗaya ne: wannan shi ne kayan zamani, gwado da luru sai ƙauyawa. Uwar amarya ba ta jin ta fita kunya sai ta ɗora irin wannan bargo a kan gado. Ni ban yarda ba. An sayar mana da kaya an ɓoye mana halinsa.

Yawancin zaren nan bai taɓa hawa bayan tunkiya ba. Akirilik ne, wani kuma foliyesta, dukansu 'ya'yan man fetur. Wajen yin akirilik, ana haɗa gas ɗin furofilin da amoniya da iska a samu akirilonaitiril, sannan a ƙulla ƙwayoyinsa su zama doguwar sarƙa. Jamusawa suka fara haɗa ta a 1930, kamfanin DuPont na Amurka ya fito da zarenta kasuwa a 1950 da sunan Orlon. Zallarta a matse take, ba ta shan rini, sai masana'antu ke surka ta da wani sinadari, bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, don ya buɗe gurabe marasa tsari inda rini zai zauna. Shi ya sa launin ke ɗaukar ido, rana ba ta saurin koɗar da shi, asu kuma ba ya cin zaren. Ga arha. Duk wannan gaskiya ne.

Amma laimar da akirilik yake sha ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa ba, auduga kuwa kusan 8. A sa wa jariri hula da safa da riga na akirilik, a goya shi har rana ta take, gumi ya rasa mafita, sai ƙuraje.

Babbar maganar ita ce wuta. Ulun gaske ba ya ci gaba da ci sai iskar oksijin ta kai kashi 25, alhali wadda muke shaƙa 21 ce. Akirilik kuwa 18 ya ishe shi. Auduga ma tana kamawa, ban musa ba, amma toka take zama. Shi akirilik ƙanƙancewa yake yi, ya narke, ya yi baƙi kamar kwalta, ya manne wa fata yana ci. Mai shakka ya zare zare ɗaya daga bakin bargonsa, ya fita tsakar gida ya ƙyasta masa ashana. Kuma kowace gaɓa ta sarƙar tana ɗauke da naitirojin, in ta ƙone hayaƙin na fitar da sayanaid, guba mai hana jiki amfani da iska. To a dubi ɗakunanmu a daren sanyi: ƙofa a rufe, an toshe taga da tsumma, kaskon garwashi a gindin gado, ga kaskon turaren amarya, bakin bargo yana reto. Da asuba kuma almajirai sun kewaye wutar bola suna jin ɗumi, tsohuwar rigar sanyi na narkewa a ciki.

Za a ce talaka ya yi yaya, gwado ya yi tsada, masaƙa sun ƙare. Ban ce a kwashe barguna daga kasuwa ba. Sai dai takardar da ke jikin bargon da Turanci ko Sinanci take, mai sayarwa ma bai san me ta ce ba. Ungozomar da ke awon ciki a asibiti, da gidajen rediyon gari, da malamin kimiyya a kwaleji, su ya kamata su faɗa wa mutane da Hausa tun watan Nuwamba cewa a fitar da kasko waje kafin a ja bargo, tsohon bargo kuma kada a jefa shi wuta.