Gani Ya Kori Ji, Amma Wane Gani?

Tun da kamfanin WhatsApp ya toshe damar ɗaukar hoton allo a kan hoton fuskar da mutum ya liƙa wa lambarsa a shekarar 2024, bayan ya riga ya yi irin wannan toshiya a 2022 ga saƙonnin da ake buɗewa sau ɗaya su ɓace, ƙorafin da ake ta nanatawa shi ne wai an rage wa jama'a hanyar kafa hujja. Wannan ƙorafi ya tona asirin wata aƙida da ta yi kaka-gida a zukatan masu riƙe da waya, wato ɗaukar hoton allo a matsayin shaidar da ba ta da ja, alhali babu shaidar da ta kai ta rauni a cikin duk abin da fasahar zamani ta haifar.

Hoton allo, wanda matasa ke kira sikirinshot, hoto ne da waya ke ɗaukar wa kanta na abin da ke bayyane a fuskarta a daidai wannan lokaci, kuma ana samunsa ne ta danna madannin kashe waya tare da na rage sauti, ko kuma ta jan yatsu uku a kan allo a wayoyi irin su Tecno da Infinix waɗanda suka cika kasuwa. Abin da masu tinƙaho da shi suka kasa ganewa shi ne, hoton yana adana abin da allo ya nuna ne kawai, bai san wanda ya rubuta saƙon ba, bai san abin da ya gabace shi ba, kuma ba ya ɗauke da wani bayanin ɓoye da zai haɗa shi da wayar wanda ake tuhuma. Sunan da ake gani a saman hira ba daga mai aiko saƙo yake zuwa ba, suna ne da mai wayar ya adana da hannunsa, saboda haka duk wanda ya so zai iya ajiye lambar ƙanensa da sunan abokin gabarsa, ya sa ƙanen ya turo masa zagi, ya ɗauki hoto, kafin la'asar magana ta karaɗe zaurukan dangi. Wanda bai kai wannan rashin imani ba yana iya goge nasa saƙonnin na tsokana daga wayarsa ya bar martanin ɗan'uwansa tsirara, ta yadda mai karatu zai ga mutum yana ta faɗa shi kaɗai kamar wanda ya taɓu. Agogon waya ma ana juya shi, balle manhajojin ƙera hirar bogi da kowane yaro zai iya saukewa kyauta.

A kasuwa ne wannan wauta ta fi yin ɓarna, kuma a nan ne ya kamata a tsaya sosai. A rumfunan Kantin Kwari da na Singa a Kano, mai saye yakan juyo fuskar wayarsa ga mai shago ya nuna masa koriyar alama da adadin kuɗi da sunan asusu, yana cewa kuɗi sun fita, sai yaron shago ya ɗaure bandir ɗin yadi ko buhun sukari ya ɗora a kan Keke Napep, mai shago kuma ya zauna jiran alat ɗin da ba zai taɓa shigowa ba. Kunya ce ke hana shi cewa a dakata, domin mutumin ya zo da babbar riga da ƙamshin turare, kuma an riga an gaisa an tambayi iyali. Hujjar biyan kuɗi ɗaya ce tak, ita ce mai karɓa ya buɗe asusunsa ya ga kuɗinsa sun ƙaru, idan kuma aka sami saɓani to lambar bin sawu da ake bai wa kowace tiransifa tsakanin bankuna ita ce banki zai iya bincika, ba hoton da aka turo ba. Laifin wannan ɗabi'a kuwa ba na ɗan kasuwa ba ne shi kaɗai, domin Babban Bankin Najeriya ne ya jefa mutane cikinta da ƙarfin tsiya lokacin da ya sauya fasalin takardun naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya a ƙarshen 2022, ya janye kuɗi daga hannun jama'a a farkon 2023 ba tare da bankuna sun shirya ɗaukar nauyin ba. A waɗancan watanni tiransifa takan maƙale wuni guda ko fiye, mai tsire da mai kayan miya ba su da zaɓi sai su amince da hoto, alhali masu hikimar da suka tsara wannan manufa suna zaune a ofisoshi masu sanyi a Abuja.

Kotu, wadda ake yawan zargi da jan ƙafa, ta fi masu waya hankali a wannan fage. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shardanta cewa kafin a karɓi bayanin da ya fito daga kwamfuta, kuma waya ma kwamfuta ce a idon doka, sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin da abin ya faru, an kuma bayyana yadda aka samar da takardar. A shari'ar Kubor da Dickson, wadda ta taso daga zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga shafukan labarai na intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Abin da manyan alƙalai suka ƙi karɓa sai da bincike, shi ne alƙalan Facebook ke yanke hukunci da shi cikin minti biyu, har su kashe aure ko su zubar da mutuncin dattijo.

Za a ce ai hoton allo ya sha tona asirin mazambata da masu yi wa mata barazana, kuma wannan magana ba ta buƙatar dogon martani, domin makaho ma yakan yi tuntuɓe da kuɗi a hanya ba tare da an naɗa shi ma'aji ba. Masu kawo wannan uzuri ba sa taɓa ambaton sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin wasiƙunsa da hirarsa ta waya, wataƙila don rumbun hotunan wayarsu cike yake da hirarrakin da aka yi da su bisa amana.

Abin takaicin ma shi ne waɗanda suka fi riƙon wannan aƙida su ne 'yan bokon da suka daɗe suna yi wa karatun zaure kallon hadarin kaji, suna kiran duk abin da ba a rubuta da boko ba jita-jita. Malamin zauren da suke rainawa yana koyar da isnadi, wato jerin mutanen da magana ta bi ta hannunsu tun daga wanda ya faɗe ta har zuwa wanda ya rubuta, kuma idan mutum ɗaya a cikin jerin ya kasance ba a san shi ba ko an san shi da ƙarya, to maganar ta faɗi komai daɗinta. Aya ta shida a Suratul Hujurati, wadda ta yi umarni da a bincika labari kafin a cutar da mutane a kan jahilci, ɗalibin allo ya haddace ta tun bai kai shekara goma sha biyu ba. Amma mai digiri biyu zai karɓi hoton da ya ratsa wayoyi ashirin, wanda aka datse samansa da ƙasansa, rubutunsa ya dusashe saboda yawan turawa, babu lamba babu kwanan wata, ya aika shi zauren tsofaffin ɗalibai da ƙarfe ɗayan dare, ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa gani ya kori ji.