Murar Tsuntsaye da Haɗin Kan Ƙasashen Afirka ta Yamma



A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai lamba H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma kafin watan ya ƙare an gano ta a jikin agwagi a Magaria ta Jamhuriyar Nijar, yankin da fataucin kaji da ƙwai ke ƙetare iyaka kullum. Abin fargaba shi ne yadda ƙwayar mura ke sauya kama har ta iya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, wanda shi ne mafarin annobar da ke game duniya, irin ta 1918.

Shirin tunkarar irin wannan annoba yana farawa ne daga sa ido, wato tattara samfurin majina daga marasa lafiya da na tsuntsayen da suka mutu, a gwada su a cibiyoyin bincike irin su ta Vom da ta Pasteur a Dakar, sannan a miƙa sakamakon ga tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tun 1952, wanda da shi ake zaɓar nau'in ƙwayar mura da za a haɗa allurar rigakafinsa.

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 tana iya raunana wannan musayar bayanai, don haka ya wajaba likitocin mutane da na dabbobi a Maraɗi da Katsina, da Damagaram da Jigawa, su ci gaba da sanar da juna duk mutuwar kaji mai yawa a ranar da aka gan ta.

Daga wani mai karatu, Kano