Ethel Wright da fuskokin matan da suka nemi ƙuri'a

A 1909 wata mai zane 'yar Ingila, Ethel Wright, ta zana Christabel Pankhurst tun daga kai har ƙafa. Tana tsaye cikin koriyar doguwar riga, ta rataya ƙyallen ƙungiyarsu mai launin shunayya da fari da kore, hannunta a miƙe kamar tana tsakiyar jawabi. Christabel ta gama digirin shari'a a Manchester a 1906, amma aka hana ta aikin lauya don kawai mace ce. Ita da mahaifiyarta Emmeline ne ƙashin bayan ƙungiyar WSPU, wadda aka kafa a 1903 domin nema wa mata 'yancin jefa ƙuri'a.

Wright ba 'yar koyo ba ce. An haife ta a 1866, ta yi karatun zane har a Paris, ta kuma sha baje aikinta a Royal Academy da ke Landan. Duk da haka, bayan rasuwarta a 1939 sai sunanta ya bi ruwa. Abin da ya ceci wannan zane shi ne wata 'yar ƙungiyar, Una Dugdale, ta saye shi. Una ce ta tayar da ƙura a 1912 lokacin da ta ce ba za ta furta alƙawarin biyayya ga miji ba a wurin ɗaurin aurenta a coci, kuma ita ma Wright ta zana ta. Zanen Christabel ya zauna a hannun Una da danginta sama da shekara 100, sai a 2011 aka yi wasiyya da shi ga National Portrait Gallery, gidan adana hotunan fitattun mutanen Birtaniya.

Ra'ayina a nan shi ne, wanda ya yi maka hoto yana da ta cewa kan yadda jikoki za su ɗauke ka. A wancan zamani jaridu da katunan barkwanci suna zana waɗannan mata a matsayin munanan tsofaffi masu masifa, waɗanda suka bar miji da jinjiri suka fita titi. 'Yan sanda kuwa hotonsu suke ɗauka a ɓoye a farfajiyar kurkuku. Akwai hoton Evelyn Manesta, wadda ta ƙi tsayawa a ɗauke ta, sai mai gadi ya maƙale mata wuya da hannu. Kafin a rarraba hoton, aka goge hannun, aka bar ta kamar mayafi ne kawai a wuyanta. Irin waɗannan hotuna aka raba wa masu gadin gidajen zane a 1914 domin su gane matan tun daga bakin ƙofa. Da su kaɗai suka rage, da yau fuskar masu laifi za mu riƙa gani. Wright ta bar mana wata shaidar: mace mai ilimi, a natse, tana kafa hujja. Gani ya kori ji.

Wani zai ce ai matan nan ba waliyyai ba ne. Haka ne. Sun farfasa tagogi, sun cinna wa gine-gine wuta. A Maris 1914 Mary Richardson ta sassare wani zanen da Velázquez ya yi, a Yulin shekarar kuma wata ta kai wa zanen da aka yi wa Thomas Carlyle sara a cikin gidan da yanzu yake riƙe da zanen Christabel. Ban goyi bayan ɓarna ba. Amma alƙali ba ya yanke hukunci da shaidar ɓangare guda, kuma abin da suka nema ya tabbata: a 1918 wasu mata masu shekara 30 zuwa sama suka sami ƙuri'a, a 1928 aka daidaita su da maza.

Mu ma muna da namu. Matan Arewacin Najeriya ba su fara jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan 'yan uwansu na Kudu sun daɗe da farawa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana ƙarƙashin tutar jam'iyyar NEPU. An sa sunanta a asibiti a Zariya da ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Bayero, kuma ta cancanta. To ina sauran matan da suka bi gida-gida da ita, suka shiga kurkuku tare? Sunan mace nawa a cikinsu ɗalibin sakandare zai iya kawowa, balle ya gane fuskarta?

Hotunan wasunsu na nan a ƙasan adaka, a hannun jikokin da ba lalle su san darajarsu ba, ga gara ga damina. Ina kira ga Gidan Mambayya a Kano da Arewa House a Kaduna su yi shela ga iyalai su kawo, a kwafa a kwamfuta, a rubuta suna da gari da shekara, a mayar wa masu shi abinsu. 'Yan matan da ke karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello kuma su zana iyayen nan daga hotunan. A yi wannan aiki yanzu, tun da sauran tsofaffin da za su dubi hoto su ce wannan wance ce.