Shingen Waya na 1924 da Iyakar Babban Mutum

Ranar Asabar ɗin da ta gabata na shiga wani gidan kallon ƙwallo a nan Baure, aka matsa mini wuri tsakanin samari biyu. Na hannun damana ɗan garin nan ne, na hagu kuwa daga wajen Magarya ya tsallako, ya zo biki gidan gwaggonsa. Tun kafin a take leda suke musu, ɗaya na Madrid ɗaya na Barcelona, kowa yana jero sunayen 'yan wasa da shekarun cin kofi kamar mai biya hadda. Da aka tafi hutun rabin lokaci na tambaye su yaushe rabon Najeriya da Nijar su kara a fili. Suka dubi juna. Na Magarya ya ce, "Wallahi Baba, sai dai a duba waya." Wannan amsa ce ta sa na ajiye abin da na yi niyyar rubutawa a makon nan, na ɗauko labarin wani wasa da aka buga shekara ɗari da ɗoriya, a wata nahiya mai nisa, tsakanin maƙwabta biyu da halinsu ya yi kama da namu.

Ajantina da Yurugwai kogi ne ya raba su, kogin Plata. A wancan zamani mutum kan shiga jirgin ruwa a Buenos Aires da dare, gari ya waye masa a Montevideo. Harshensu ɗaya, Sifaniyanci, abincinsu da kiɗansu ɗaya, auratayya kuma ba a magana. Ɗaya babbar ƙasa ce, ɗayar ƙarama, wadda har yau mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba. Ita ƙaramar ma da sa hannun Ingila ta tsaya da ƙafarta a 1828, domin ta zama katanga tsakanin Ajantina da Brazil. Mai karatu zai ga ba mu kaɗai ne Bature ya taɓa yi wa rabon gado ba.

Sun fara karawa ranar 20 ga Yuli, 1902 a Montevideo, Ajantina ta ci 6 da nema. Shekara ta zagayo, ƙaramar ta bi ta har gida ta rama da 3 da 2. A 1905 Thomas Lipton, attajirin nan da sunansa ke jikin ganyen shayin da muke sha kowace safiya, ya ba da kofi domin ƙasashen biyu su riƙa fafatawa a kansa, kuɗin ƙofa kuma a bai wa mabuƙata. Daga nan abin ya zama al'ada, wata shekarar ma sai sun haɗu sau da yawa. Zafin ya yi ta ƙaruwa har a 1916, a gasar farko ta ƙasashen Kudancin Amurka, 'yan kallo suka cinna wa wani sashen filin wuta, aka ɗage wasan zuwa washegari a wani filin.

Wasan da nake nufi shi ne na 1924. A watan Yunin shekarar Yurugwai ta je Faris ta lashe gasar ƙwallon Olamfik, ta doke Siwizalan 3 da nema a wasan ƙarshe. Lokacin ba a fara gasar cin kofin duniya ba, don haka wanda ya ci Olamfik shi ne sarkin ƙwallo. Turawa suka yi ta mamakin 'yan wasan, musamman wani baƙar fata mai suna José Leandro Andrade. Mutanen Ajantina kuwa abin ya tsaya musu a rai. Yaran nan na tsallaken kogi, waɗanda suka sha dokewa, su ne yau duniya ke tafa wa? Aka shirya wasan sada zumunta biyu. Na farko a Montevideo, ranar 21 ga Satumba, aka tashi kunnen doki, 1 da 1. Na biyu aka sa shi ranar 28 ga wata a filin Sportivo Barracas da ke Buenos Aires.

Jama'ar da ta taru ranar ta fi ƙarfin filin. Mutane suka cika maƙil har suka gangaro bakin layi, suna shiga cikin fage, wasan bai wuce 'yan mintoci ba aka tsayar da shi. Baƙin suka ce ba za su sake fitowa ba sai an raba su da 'yan kallo. Cikin kwana huɗu aka kewaye fagen da shingen waya, aka dawo ranar Alhamis, 2 ga Oktoba. A minti na 15 aka ba Ajantina bugun kusurwa. Cesáreo Onzari ya ɗora ƙwallon, ta lanƙwasa a sama, ba ta taɓa kowa ba ta faɗa raga. Watanni kaɗan kafin nan, da ba a ƙirga wannan ci ba, domin sai a watan Yunin shekarar hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta halatta cin da ya fito kai tsaye daga kusurwa. Alƙalin wasan, Ricardo Vallarino, ɗan Yurugwai ne, ya san sabuwar dokar, ya kuma tabbatar da cin a kan ƙasarsa, a gaban maƙwabtan da ke jiran ganin ya yi son kai. A duk labarin nan shi ne mutumin da ya fi burge ni. Tun daga ranar, da yake zakarun Olamfik aka ci, ake kiran irin wannan ƙwallo "cin Olamfik" a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, shingen ma aka laƙaba masa sunan Olamfik.

Sauran wasan babu daɗin faɗa. Pedro Cea ya farke, Domingo Tarasconi ya ƙara wa Ajantina ta biyu. Aka koma duka maimakon taka leda, ɗan bayan Ajantina Adolfo Celli ya karye a ƙafa, duwatsu da kwalabe suka riƙa tsallake shingen da aka yi domin kariya. Saura minti huɗu a tashi 'yan Yurugwai suka fice daga fili. Wata guda bayan haka, a Montevideo, bayan wani wasan da suka tashi babu ci, rikici ya ɓarke a ƙofar masaukin 'yan Ajantina, aka harbe wani matashi ɗan Yurugwai har lahira.

Duk da haka ba su daina haɗuwa ba. Su ne a wasan ƙarshe na Olamfik ta 1928 a Amsterdam, sai da aka maimaita wasan kafin Yurugwai ta yi nasara. Su ne kuma a wasan ƙarshe na kofin duniya na farko, ranar 30 ga Yuli, 1930, inda rashin yarda ya kai kowa ya zo da tasa ƙwallon. Aka buga rabin farko da ta Ajantina, ta yi gaba da 2 da 1, aka dawo da ta Yurugwai, ta cinye 4 da 2. A Buenos Aires aka jefi ofishin jakadancin Yurugwai, hukumomin ƙwallon biyu suka yi gaba ta ɗan lokaci, sannan suka shirya. Zuwa yau sun kara kusan sau 200, babu wasu ƙasashe biyu da suka kai su, kuma duka biyun suna cikin waɗanda za su karɓi wasannin buɗe gasar 2030.

Ba na cikin masu cewa ƙwallo tana kawo zaman lafiya. Labarin da na bayar da kansa ya ƙaryata hakan. Abin da na gani shi ne, ƙwallo ta ba maƙwabtan nan wuri da lokaci da doka na fitar da abin da ke ransu. Ƙaramar ƙasa ta samu fage guda inda yawan jama'a da faɗin ƙasa ba su da amfani, mutum goma sha ɗaya ne da goma sha ɗaya. Babbar kuma ta koyi shan kaye a hannun ƙanwarta ta kwana lafiya. Mu Hausawa mun san wannan hikima tun kafin zuwan ƙwallo. Wasan taubasai ke nan, da wanda ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Barebari da Fulani: an ware inda za a faɗa wa juna baƙar magana a yi dariya, domin kada a faɗe ta inda za a zare wuƙa. Amma sharaɗinsa a riƙa haɗuwa. Taubashin da ka yi shekara goma ba ka gani ba, in ka tsokane shi faɗa za a yi.

A shekarun da su Lipton ke ba da kofi, a nan ƙasarmu aikin awo ake yi. Bayan jihadi, zuriyar sarakunan Hausa na Daura sun kafa mazauni a Zango da nan Baure, kuma tsawon lokaci a ƙarni na 19 Damagaram garuruwan biyu suke bi. Wato akwai zamanin da kakanninmu na Baure suke fuskantar arewa, ba kudu ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 29 ga Mayu, 1906 ce ta zana layin da muke da shi, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomi 148 tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Su can kogi ne ya raba su, mai faɗin da ba a hango gaɓarsa. Mu nan gonar gero ce, kunya ɗaya a Najeriya, ta kusa da ita a Nijar.

To amma sau nawa muka haɗu a fili? Iyakarmu ta kai kimanin kilomita 1,500, ita ce mafi tsawo da Najeriya ke da ita ta fuskar arewa, amma ba kasafai muke karawa ba. Abokiyar hamayyar Najeriya a ƙwallo Ghana ce, tun kofin Jalco na 1951, alhali ko iyaka ba mu haɗa da ita ba, sai kuma Kamaru. Nijar ba a ma lissafa ta. Wannan raini ya taɓa jawo mana kunya: a watan Maris na 2010, a neman gurbin gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka, Mena ta ci mu 2 da nema a Yamai, ta zo Kano ta riƙe mu babu ci, ta tafi Sudan muka zauna. A watan Oktoban shekarar ta doke Masar mai riƙe da kofin Afirka da ƙwallon Moussa Maazou, daga bisani ta samu shiga gasar 2012. Mun rama a Kigali a watan Janairun 2016 da ci 4 da 1, Chisom Chikatara ya zura uku. Wasa ne mai kyau, amma a Ruwanda aka yi shi, babu ɗan Baure ko ɗan Magarya da zai iya hawa babur ya je kallo.

Abin da ya sa nake ganin batun ya wuce nishaɗi shi ne abin da muka gani a shekarun nan. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, har da yanke wutar lantarki, ba a buɗe ta wajenmu ba sai Maris na 2024. A watan Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Wanda ke Abuja labari yake karantawa. Wanda ke Babban Mutum kuwa shi ne kasuwarsa ta mutu, shi ne ke zagaye ta daji domin gaisuwar mutuwa a gidan surukansa. Abin da ya fi damuna shi ne harshen da samarinmu suka fara yi wa juna a Facebook da TikTok, da Hausa ɗaya, wannan ya ce mayunwata, wancan ya ce bayin Faransa. Hamayyar tana nan, tana ma ƙaruwa, sai dai ba ta da fage, ba ta da alƙali, babu kuma usur ɗin tashi.

Na san abin da za a ce mini. Za a tuna mini da ranar 29 ga Maris, 2022, lokacin da magoya bayanmu suka afka filin Moshood Abiola na Abuja suka yi ɓarna saboda Ghana ta hana mu zuwa Katar. Za a ce ga matsalar tsaro, ga dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami, wa zai tara dubban matasa a bakin iyaka? Damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amma mutanen Buenos Aires da suka ga fage ya cika ba su soke wasan ba, shinge suka kafa suka dawo bayan kwana huɗu. Mu ma kuma muna da shaidar cewa abin yana yiwuwa, domin 'yan kokowa da 'yan dambe ba su taɓa daina tsallakawa ba. Duk shekarar da ake gasar takobi a Nijar, wadda aka fara tun 1975 a Tawa, rediyoyin garin nan a kanta suke, kuma yaran Baure sun san sunan Issaka Issaka na Dosso fiye da na yawancin 'yan wasan Katsina United.

Ba sai an jira hukumar ƙwallo ta ƙasa ba, ita hankalinta na kan Turai. Hukumar ƙwallon Jihar Katsina da takwarorinta na Damagaram da Maraɗi za su iya tsara wasa biyu a shekara, gida da waje, zaɓaɓɓun ƙasar Daura da zaɓaɓɓun Damagaram, bayan an cire amfanin gona. Masarautar Daura da fadar Sarkin Damagaram sun riga gwamnatocin biyu sanin juna, in suka sa albarka babu jami'in iyaka da zai ƙi buɗe ƙofa ta yini ɗaya. Kofi kuwa, ƙasar nan ba ta rasa attajirin da zai yi abin da mai shayi ya yi a 1905, kuɗin ƙofa a raba wa asibitocin ɓangarorin biyu. A sa alƙali daga ɓangaren baƙi, kamar yadda aka yi ranar 2 ga Oktoba. In ana tsoron taro, a kafa shingen wayar, ba tsada gare shi ba.

Samarin nan biyu, da aka tashi wasan, na ji suna shawarar wanda zai kai wani gida, da yake babur ɗaya gare su. Na tambayi na Magarya, in an yi irin wannan wasa wa zai goya wa baya, tunda mahaifiyarsa 'yar Baure ce. Ya ce Damagaram mana, amma a gidan gwaggo zai kwana.