Jinin Kyaftin Maloni a Keffi

A garin Keffi akwai wani dutse da ake kira da sunan Kyaftin Maloni, Razdan na lardin Nasarawa, wanda Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe a watan Oktoba na 1902. In an tayar da zancen nan a zaure, sai ka ji samari suna yi wa Magaji kirari, suna cewa ya nuna wa Nasara ƙasa da masu ita. Wannan yabo ya wuce gona da iri.

Gaskiya ne Maloni baƙo ne, ba wanda ya gayyato shi, kuma dokar da ya zo da ita ba a shawarci kowa ba kafin a kafa ta. Amma mene ne ya haɗa shi da Magaji? Harin bayi. Magaji wakilin Sarkin Zazzau ne a Keffi, ƙarfinsa ya fi na sarkin garin, dukiyarsa kuwa daga ƙauyukan da ke kewaye take fitowa, inda mahayansa ke faɗa wa manoma, su ɗaure mata da yara, su koro su kamar awaki. Gwamna Lugga ya haramta wannan sana'a, Maloni ya zo ya hana, Magaji ya ƙi. Masu kirarin nan ba su taɓa tambayar jikokin waɗanda aka kama ko yaya suke ganin jarumin nasu ba.

Sa'an nan a duba yadda abin ya auku. Maloni gurgu ne, wani tsohon rauni ya nakasa shi. Yana zaune a fili kusa da ƙofar fada yana jiran Magaji ya fito a yi magana, sai Magaji ya fito bisa doki ya kashe shi, ya yi ta kansa. Kashe gurgu a zaune, ina mazakuta a nan?

Waɗansu kuma sukan ɗora laifin duka a kan tafinta, Audu Timtim, wai shi ya juya magana ya haɗa su. Ko da ya juya, ai ba tafinta ne ya koya wa Magaji kamun mutane ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ciwo. Magaji ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga, wanda da ma neman dalili yake yi, ya sami abin riƙewa. Cikin Fabrairu 1903 soja suka fasa Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato. Talakawan da suka faɗi a bakin ganuwa ba su san Maloni ba, yawancinsu ko Keffi ba su taɓa zuwa ba. Magaji kansa bai cika shekara ba bayan kisan, ya mutu a yaƙin Burmi cikin Yuli 1903, rana ɗaya da Sarkin Musulmi Attahiru.