Dimokuraɗiyya Ba Baƙuwa Ba Ce a Adar

Dimokuraɗiyya tsari ne da mai mulki ke karɓar ragama daga hannun waɗanda zai mulka, na wa'adi sananne, kuma suna da hanyar sauke shi ba tare da an zubar da jini ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wata magana ta yi ƙarfi a Nijar, daga gidajen rediyon Yamai har zuwa fadar 'yan shayi a birnin Tawa da rumfunan kasuwa a ƙauyukan Kalfu: wai tsarin kayan aro ne, Faransa ce ta ɗora wa ƙasa shi a 1990, bai dace da al'adar mutane ba, an gwada shi shekara talatin bai haifi komai ba sai sata da gaba. Maganar ta samu karɓuwa domin ɓacin ran da ke ƙarƙashinta na gaskiya ne. Sai dai tarihin da aka kafa ta a kai gurgu ne, kuma wanda zai ɗauki asarar kuskuren shi ne manomin da ba shi da kowa a Yamai.

Kalmar dai ta Girkanci ce, ba a musu. A birnin Atina, wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, maza 'yan gari suka riƙa taruwa suna yanke shawarar yaƙi da haraji da kansu, ban da mata, ban da bayi, ban da baƙi. Amma idan asalin suna ne ke mayar da abu baƙo, to kakin soja ma baƙo ne, haka tutar ƙasa, haka iyakar da ta raba Birnin Konni da Sakkwato. Rundunar sojan Nijar ta 1961 daga sojan mulkin mallaka aka tsamo ta. Mai ƙin akwatin zaɓe don Bature ya zo da shi ba shi da hujjar rungumar mulkin bariki da sunan gado.

Tunanin da ke cikin tsarin kuwa, cewa mai mulki yana da linzami, ya daɗe a ƙasar Hausa. Gobir tana da majalisar mutum tara masu naɗa sarki, Kano ma tana da tata tun zamanin Muhammadu Rumfa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau, ya lissafa laifuffukan sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ, kuma cikinsu har da riƙe sarauta da gado da ƙarfi ba tare da shawara ba, da ɗora wa talaka harajin da shari'a ba ta san shi ba. A Adar, wato ƙasar Tawa, wadda Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci a ƙarshen ƙarni na 17, sarauta ta zo daga arewa, amma sha'anin gona da rijiya da sasanta rigima ya ci gaba da zama a hannun dattawan gari, kuma garin da zalunci ya ishe shi yakan kwashe ya yi gaba. Babu mai cewa wannan dimokuraɗiyya ce. Bawa ba shi da baki, mace ba ta zama a fada, talaka ba ya cikin masu zaɓen sarki. Abin da ƙuri'a ta ƙara shi ne ta ɗauki linzamin da ke hannun mutum tara ta miƙa shi ga kowane baligi.

Da'awar cewa Faransa ce ta kawo shi ita ce mafi rauni. Faransa ta mulki Adar sama da shekara arba'in da aikin tilas da dokar da ta ba kwamandan Tawa ikon ɗaure mutum ba tare da alƙali ba, kuma ba a soke su ba sai a 1946. Ƙuri'ar kowa da kowa sai a 1956 ta zo. Da jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta yi amfani da ita ta kafa gwamnati, ta kuma nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958, sai Faransa ta turo gwamna Colombani ya karya ta. A 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta shiga 'yancin kai a 1960 da jam'iyya ɗaya tilo. Abin da mai mallaka ya bari gado shi ne mulkin mutum ɗaya mai ba da umarni.

Masu ambaton jawabin shugaban Faransa Mitterrand na La Baule a matsayin tushen tsarin sukan tsallake kalanda. An yi jawabin ne a Yunin 1990. Tun ranar 9 ga Fabrairun shekarar aka harbe ɗalibai a Gadar Kennedy ta Yamai. A watan Mayu sojoji suka kashe fararen hula Abzinawa a Cintabaradan, nan cikin jihar Tawa. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai ta USN su suka matsa wa shugaban ƙasa Janar Ali Saibou da yajin aiki har ya amince da jam'iyyu da yawa. Ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka yi tattaki a Yamai don an kusa shirya Taron Ƙasa ba da su ba, kuma har yau ranar ce ranar matan Nijar. Taron ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, rediyo yana watsa shi, mutane suna jin ana tuhumar manyan da a da ko sunansu ba a iya kamawa. Cewa wannan kyautar Faransa ce cin fuska ne ga waɗanda suka mutu a gadar.

Amfanin tsarin an fi ganinsa lokacin yunwa, abin da mutumin Adar ya sani ba sai an ba shi labari ba. A farin 1973 da 1974 babu jaridar da za ta yi magana, babu ɗan adawa a majalisa, aka yi ta karkatar da hatsin agaji har sojoji suka kafa hujja da shi suka kifar da shugaba Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974. A 2005 Tawa tana cikin jihohin da ƙarancin abinci ya fi tsanani, kuma shugaba Tandja Mamadou ya musanta cewa akwai yunwa. Zaɓaɓɓen shugaba ne, ya kuma yi kuskure mai muni, yara sun mutu. Bambancin shi ne musun nasa bai rufe bakin kowa ba: gidajen rediyo masu zaman kansu da 'yan adawa da ƙungiyoyi sun yi ta faɗa har aka koma rabon abinci kyauta. A watan Maris na shekarar, da gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, gamayyar masu yaƙi da tsadar rayuwa ta rufe birane, aka kama shugabanninta, aka sake su, gwamnati ta janye yawancin harajin. Ba a harba harsashi a fadar shugaban ƙasa ba kafin hakan ta samu.

Akwai kuma abin da ya shafi wannan jiha kai tsaye. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta a 1991 aka kafa ta, cikin sararin da gwagwarmayar dimokuraɗiyya ta buɗe. A 2003 majalisa ta mayar da bautar da mutum babban laifi. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Konni a matsayin wahaya, wato ƙwarƙwara, ta kai gwamnatin ƙasarta ƙara kotun CEDEAO, kuma ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta biya ta sefa miliyan 10. Ɗiyar baiwa ta ka da gwamnati a gaban alƙali. Duk mai cewa shekarun nan ba su haifi komai ba, ya fara da bayanin wane tsari ne daban zai ba ta wannan dama. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, ƙofar wannan kotu ta rufe.

Batun tsaro shi ne makamin da aka fi ɗauka. Gaskiya ne ranar 21 ga Maris 2021, ƙarƙashin mulkin farar hula, 'yan bindiga sun kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya. Gaskiya ne kuma a Oktoban 2023, bayan juyin mulki, an kashe sojoji 29 kusa da Tabatol a wannan yanki, bisa lissafin hukuma. Tawayen Abzinawa da ya biyo bayan kisan Cintabaradan ya tsiro ne ƙarƙashin Janar Ali Saibou, yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 kuwa zaɓaɓɓiyar gwamnati ce ta sa mata hannu. Dattawa da yawa suna tuna shugaban mulkin soja Seyni Kountché da alheri saboda horon ma'aikata da rumbunan hatsi da aikin raya ƙasa na Keita da aka fara a 1984, kuma ba ƙarya suke yi ba. Amma zamaninsa mutane sun mutu a tsare babu shari'a, kuma da ya rasu a 1987 horon ya bi shi kabari, domin a jikin mutum ɗaya yake rataye.

Laifuffukan zaɓaɓɓu kuwa suna da yawa, kuma ɓoye su ba kariya ba ce ga tsarin. Rikicin shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou ya tsayar da ƙasa cik a 1995. Tandja ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki a 2009 don tazarce. A 2016 Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, ya yi takara da abokin hamayyar da ke tsare a gidan kaso na Filinge, ya lashe zagaye na biyu da sama da kashi 90 bayan adawa ta ƙaurace. Binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ya bankaɗo biliyoyin sefa da suka salwanta a sayen makamai yayin da sojoji ke mutuwa a daji, kuma ba a ga hukuncin da ya kai girman laifin ba. Bayan zaɓen 2021 an katse intanet na kwanaki. Jihar Tawa, da yake ita ce ta kasance gidan jam'iyyar Tarayya ta Issoufou, ta san yadda siyasa ke komawa ta ɗan gida: atamfa da sabulu da jika biyu ranar gangami, muƙami da kwangila ga na kusa, ƙuri'a kuma a ba namu ko da bai gyara rijiya ba. Amma a duba jerin da kyau. Kowane ɗaya daga cikinsu karya dokar dimokuraɗiyya ne: ɗaure ɗan takara, rusa kotu, toshe baki, sayen ƙuri'a. Cutar ita ce mai mulki ya kuɓuce wa linzami, maganin da ake tallatawa kuma shi ne a cire linzamin gaba ɗaya. Daga 1960 zuwa 2023 sojoji sun kifar da gwamnati sau biyar, kuma sau ɗaya tak, ranar 2 ga Afrilun 2021, zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki. Shukar da ake tumɓukewa duk bayan 'yan shekaru don a duba saiwarta ba a yi mata shari'ar rashin 'ya'ya.

A Kalfu ne ake ganin yadda aka ba mutane tsarin da hannun dama aka karɓe da hagu. Sai ranar 24 ga Yulin 2004, shekara 44 bayan 'yancin kai, ƙauyukan wannan komin, wato ƙaramar hukuma, da sauran komin 264 na ƙasar suka zaɓi kansiloli da suka zauna aiki, su kuma suka zaɓi magajin gari, sarakunan gargajiya suna zama a majalisar da bakin shawara. Dokar kaso ta 2000 ta sa mata suka samu kujeru, daga kashi 10 har aka kai kashi 25 a 2019. A karon farko manomi ya samu jami'in da ya san gidansa, wanda zai iya tarewa a bakin masallaci ya tambaye shi kuɗin kasuwa. Sai dai an ba komin nauyi ba a ba ta aljihu ba. Harajin kai da na rumfar kasuwa da na dabbobi, a ƙasar da damina ɗaya cikin kaɗan ke cika rumbu, ba sa gina aji da ɗakin shan magani da famfo. A 2016 aka miƙa wa komin sha'anin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli a takarda, kuɗin ya tsaya a Yamai. Zaɓen komin da ya kamata a yi a 2016 aka yi ta ɗage shi har Disamban 2020, gwamnati kuma tana tsige magadan gari a taron ministoci. Takardun majalisar da Faransanci aka riƙa rubuta su, alhali yawancin masu zaɓen Hausa da Tamashek da Fulfulde suke ji.

Akwai wata matsala ta Adar da ba a cika ambata ba. Manyan zaɓukan 2011 da 2016 da na 2020 zuwa 2021 duk sun faɗo tsakanin Disamba da Maris, lokacin da majiya ƙarfin ƙauyuka suke biɗa a Abijan da Legas da Libiya da Aljeriya. Mutanen da kuɗinsu ke ciyar da gida a bazara, waɗanda suka ga yadda ake tafiyar da wasu garuruwa, su ne ba sa nan ranar ƙuri'a. Mata da tsofaffi ke cika layi, kamar yadda mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun aikin Keita. Gyaran wannan ba ya buƙatar juyin mulki. Yana buƙatar kalandar zaɓe da ta san lokacin girbi, da kason kuɗin ƙasa da doka ta tilasta a aika wa komin, da lissafin kasafi da za a karanta da Hausa a rediyon gari.

Abin da aka yi a maimako shi ne akasin haka. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun komin da na birane da na jihohi, aka naɗa wakilan gudanarwa daga sama. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Janar Abdourahamane Tiani wa'adin shekara biyar da za a iya ƙarawa, aka kuma rushe jam'iyyu. Kundin ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, matakin da ya daɗe da cancanta, amma ya zo a lokacin da babu majalisar da mutumin Kalfu zai shiga ya yi magana da ita. Wakilin da aka naɗa yana iya zama mutumin kirki mai riƙon amana, kuma akwai irinsu. Idan aka yi rashin sa'a ya zama akasin haka, wanda ya naɗa shi ne kaɗai ke da ikon cire shi, kuma yana Yamai, sama da kilomita 500 daga rijiyar da ta ƙafe.